Ranar da Elia Ta Fassara Waƙar Jan Baki

"Mama, ki daina dariya! Na ce ki daina!"

"Wa yake dariya? Haƙori ne ke mini ciwo."

"Wane haƙorin? Wanda yake kwana a kofi?"

Kun ji irin 'yar da na haifa. Inma kenan, tsaye a tsakiyar kicin ɗina ranar Lahadi da rana, ko rigar ruwanta ba ta cire ba, tana ɗigar mini da ruwan saman Liyej, garin masu Faransancin nan da muke zaune, a kan tayil ɗin da na goge da safe. Gashi a hargitse, fuska fayau ba ko hoda, idanu sun yi luhu-luhu. Ni kuwa na ba ta baya ina juya wainar ƙwai da dankali a kasko, kafaɗuna sai rawa suke, na rasa yadda zan tsayar da su.

"Laraba ta ƙare," in ji ta. "Kin ji ko? Ta ƙare. Zan sa yaran a ajin Sifaniyanci na cikin gari, inda malama ke koya musu sunan launi da sunan dabbobi, ba sirrin uwarsu ba."

Nan fa kafaɗun suka tsaya da kansu.

Jama'a, ku da kuke bin wannan labari, da ku da yau kuka faɗo cikinsa, bari in zaunar da ku. Ni ce Regla, 'yar Kadis, garin rana da gishiri a ƙasar masu Sifaniyanci. Mijina marigayi ne ya kwaso ni zuwa nan ina amarya, ya ce shekara biyu za mu yi a masana'antar ƙarfe mu koma. Shi ya koma, a akwati. Ni ga ni nan a hawa na uku, da gwiwa mai hasashen ruwan sama. Inma ita ce autata. Aurenta ya mutu shekarun baya, mijin ya bi wata mai koyar da motsa jiki, ya bar mata yara biyu: Elia mai shekara bakwai, da Teo mai biyar. Ranar Laraba makaranta rabin wuni ce, sai a sauke mini su. Ban da Laraba, me nake da shi a mako? Asibiti da kasuwa da taga.

Kuma ba don ado aka fara Larabar ba. Bara da bazara mun je gida, yayata Charo tana kwance ba lafiya, ta miƙo hannu ta ce wa yaran, "Ku zo nan, 'yan albarka, wa ya fi rashin ji a cikinku?" Suka yi mata zuru. Suka juya suna kallon uwarsu ta fassara musu da Faransanci. Charo ta dube ni ta ce, "Regla, kin kai jininmu ƙasar ruwan sama ya dawo kurma." Na yi dariya a gabanta. A banɗaki na yi kukan.

Da muka dawo Inma ta ɗaura ɗamara. Ta sayo katuna masu hoto: ga tuffa, ga doki, ga jirgin ƙasa. Ta sa musu wani wasa a waya mai cewa "madalla" in an taɓa daidai. Ta ce, "Mama, Laraba ba Faransanci a gidan nan. Sannan Malam Gaetan ya ce Elia ta riƙa tafi tana bin kiɗa a gida, hannunta na riga kunnenta gudu."

Malam Gaetan shi ne mai koya wa Elia goge ranar Asabar a makarantar kiɗa ta unguwa. Ku riƙe sunan nan da kyau.

Na gwada katunan, Allah shaida. Na ɗaga doki, Teo ya yi hamma. Na ɗaga tuffa, Elia ta ce da Faransanci, "Kaka, yaushe Mama za ta zo?" Wane yaro ne zai koyi yare don ya ce doki? Ina ruwansa da doki? Mu a hawa na uku muke!

Rannan ina leƙen taga sai ga mahaucin layinmu ya fito yana gyara gashin nan nasa na kanti, iska ta ɗaga shi kamar murfin tukunya. Bakina ya kuɓuce, na rera ɗan baiti a kansa irin na bikin Karnabal ɗin garinmu, inda ake tsayawa a kwana a yi wa kowa waƙa, daga shugaban gari har surukar mutum. Ina juyowa na ga idanu huɗu a kaina.

"Kaka, me kika ce?"

"Ba na faɗa da Faransanci."

"Don Allah!"

"Duk mai son jin gulma ya koyi yaren gulma."

Shi kenan fa. Na tura katunan ƙarƙashin ƙafar tebur mai girgiɗi, sun ma fi amfani a can. Na ɗauko tsohuwar kwalba mai ƙuraje a jiki wadda ake karcewa da cokali, na ɗauko ɗan bututun kara na babana mai ƙara kamar an kulle ƙudan zuma a gwangwani. Elia kwalba, Teo bututu, ni tafi. Na kafa sharaɗi: duk wanda ya kawo labari zai shiga waƙa, amma da Sifaniyanci zai kawo shi. In kalma ta ɓace masa ya tambaya, in ba shi, ya maimaita har ta zauna. In labarin ya yi daɗi akwai soyayyen ƙulli da cakulan mai kauri.

Ku zo ku ga karatu! Matar sama mai yi wa karenta wanka da sabulun gashinta, ta samu waƙa. Direban bas mai barci a fitilar hanya, ya samu. Kafin hunturu ya fita Teo yana faɗa da 'yar uwarsa da yaren kakansa, Elia kuwa tafinta ya daidaita har Malam Gaetan ya aiko wa Inma saƙo yana tambayar wane sirri ake yi a gida.

Sirri kam akwai shi. Laifina ɗaya, na cika baki. Wata Laraba na sha shayi na ji ni sama-sama, na ce musu, "Ku saurara, kakan uwarku na Kadis, babana, yana da doka. Ba a sa ƙarya a waƙa. Kuma waƙa ba ta cika waƙa ba sai an rera ta a gaban mai ita, ido cikin ido. Matsoraci ne ke yi a bayan ƙofa. Wanda aka yi wa kuma ba shi da izinin fushi. In yana da magana, ya rama da waƙa."

Ni burga nake yi. Ashe ajiyewa suke.

"Da bakinki kika koya musu," in ji Inma. Ta bar kicin ta nufi bakin ƙofa, na bi ta da cokali a hannu. Ta durƙusa tana kwashe silifas ɗin yaran, mai kunnen zomo da mai hoton jirgi, tana cusawa a jaka. "Kika zaunar da 'ya'yana suna yi miki leƙen asirina!"

"Ni ban aike su ba. Labari suka kawo. Teo ne ya ce kin ƙona shinkafa kina kallon waya. Kuma ki ji yadda ya faɗe shi, Inma, jimla guda santala, ko tuntuɓe bai yi ba!"

"Mama!"

"Elia kuma ta ce riga uku kike gwadawa ranar Asabar. Na ce ƙarya ne, ba a sa ƙarya a waƙa. Ta rantse. Ni me zan yi? Gaskiya ce ta zo har gida."

"Sai ki rufe bakinki!"

"A shekaruna? Yanzu zan fara koyon sabon abu?"

Daga falo aka ce ƙyal-ƙyal. Na leƙa: kawuna biyu a bayan kujera, bakin Teo duk cakulan. Uwar ta watsa musu harara suka nutse.

To, abin da ya faru jiya Asabar. Ranar wasan ɗalibai ce a makarantar kiɗa. Na saka koriyar rigata mai maɓallan lu'ulu'un ƙarya, na yafa baƙin gyale mai tuntu, na maƙala 'yan kunnen bikina. Na ja ƙawata Pili, wadda muka zo ƙasar nan a jirgin ƙasa ɗaya, muka kuma shekara arba'in muna gulmar juna. Pili tana da ɗa, Anselmo, mai shagon zaitun da kifin gwangwani, tuzuru mai gashin baki kamar burushin takalmi. Tun ranar da auren Inma ya mutu take tallarsa. "Yaron kirki, ɗan gida, yarenmu ɗaya, shago nasa na kansa." Har 'yan uwa na Kadis ta saye da waya, kowa ya kira sai ya ce, "Ina labarin Anselmo?" Inma kuwa in ta hango shi tsallaka titi take yi.

Muka zauna a kujerun roba. Inma tana gefena cikin shuɗiyar riga mai ƙananan furanni, ta uku kenan in lissafin Elia daidai ne, leɓe jawur kamar an yanka tumatir. Na ce, "Wannan jan bakin fa?" Ta ce, "Sanyi ke fasa mini leɓe." Na ce, "Allah ya sawwaƙe, sanyin Asabar mugu ne."

Elia ta ja gogenta lafiya lau, sau biyu kawai ya yi kukan kyanwa. Ana shirin tashi sai Malam Gaetan ya fito, dogo har yana sunkuyar da kai a ƙofa, cikin rigar sanyinsa ruwan ƙasa da kowa ya sani, ya ce duk yaron da ke da waƙar gidansu ya zo ya yi. Wata 'yar Italiya ta yi ta barcin jariri. Wasu tagwaye 'yan Kwango suka yi ta coci. Kawai sai na ji hannu a jakata. Elia ce. Ta zaro kwalbata! Ashe shi ya sa jakar ta yi mini nauyi tun daga gida. Ni na yi dakon makamin da za a kashe ni da shi. Teo ya zaro bututu daga safarsa.

Karrr, karrr, cokali ya hau kwalba. Na san kiɗan.

Da yarenmu ta fi zaƙi, amma ga ta nan yadda zan iya juyo muku:

Mamanmu tana da jan baki,
Ba ta taɓa shi ranar aiki,
Sai Asabar take fito da shi,
Malam Gaetan ne dalilinshi.
Ta ƙona shinkafa ran Talata,
Hotonsa take kallo a wayarta.
Shi kuma dogo kamar falwaya,
Rigar sanyi guda ɗaya,
In ya gan ta sai ya kalli ƙasa,
Ya gaida takalmanta ƙasa-ƙasa.

Jama'a, kiɗan bai kauce ko da ƙwayar gero ba. Teo ya shigo da bututu daidai gaɓa. Ɗakin ya ɗauki tafi, iyaye na cewa kai, yaran nan, ji daɗin yare! Mu uku kaɗai muka san abin da aka ce. Pili ta danƙe mini cinya har yau da shaida. Inma ta sandare, murmushi ya bushe mata a fuska kamar na 'yar tsanar shago. Na raɗa mata, "Kwantar da hankalinki, ba mai ji."

Ban rufe baki ba Malam Gaetan ya durƙusa gaban Elia, shi ga malami mai ƙarfafa wa yara gwiwa, ya miƙa mata abin magana.

"Na ji kamar sunana a ciki. Elia, faɗa mana da Faransanci, me waƙar ke cewa?"

Inma ta miƙe zumbur. "Ba sai an..."

Ina! Jikata ta gyara tsayuwa, ta ɗaga haɓa, ta zuba. Layi bayan layi. Jan baki, shinkafa, falwaya, takalma. Ba ta tsallake ba, ba ta yi in-ina ba, ba ta nemi taimakon kowa ba. Yarinyar da bara ta kasa amsa wa Charo! Ku yafe mini, ni dai a lokacin hawayen alfahari ne suka zubo mini, har na ce da ƙarfi, "Jikata ce!"

Kunnuwan Malam Gaetan suka yi ja kamar an dafa. Ya ɗago ya dubi Inma, sai kuma ya yi me? Ya kalli ƙasa! Daidai yadda waƙa ta ce! Ɗakin ya fashe. Wani baba har da faɗowa daga kujera. Inma ta fizgi yaran ta yi waje, ta bar ni da kwalba da Pili.

Tun daga nan shiru. Mutumin da duk Asabar da yamma sai ya turo mata saƙo, wai Elia ta riƙa maimaita kaza, saƙon da ke kai su hira har abinci ya huce, jiya ko ɗigo bai turo ba. Yau ma haka.

"Zan cire Elia daga ajinsa," in ji Inma. Ta shiga banɗaki ta kwaso burushin haƙoran yaran. "Da wace fuska zan sake shiga wurin? An ce masa falwaya a gaban iyayen ɗalibansa. An ce masa matsoraci."

"Ba a ce matsoraci ba. An ce yana gaida takalma."

"Mama, ba ki gane ba." Muryarta ta sauka, kuma wannan ya fi ihun ciwo. Ta zauna a bakin bahon wanka, burusai biyu a hannu. "Lokacin da uban yaran nan ya tafi, duk unguwa ta riga ni sani. A shagon burodi aka yi mini jaje kafin ya faɗa mini. Wannan kuwa abu ne ɗan ƙarami, nawa ni kaɗai. Ko shi ban faɗa wa ba. Ina riƙe da shi a hankali, ina jin daɗinsa ranar Asabar. Yanzu kin mayar da shi abin dariyar gari."

Oh ni Regla. Duk dariyar da ke cikina ta tsiyaye ta ƙafa. Na zauna kan murfin masai, gwiwa na ƙara.

"'Yar nan," na ce, "ban yi don a ji ba. A kicin na yi ta, don su koyi ranakun mako."

"Ranakun mako!"

"Akwai Asabar a ciki, akwai Talata."

Ta so ta yi dariya, na gani a gefen bakinta, ta haɗiye.

"Ki hukunta ni yadda kike so," na ce. "Ki hana ni magana wata guda, in mutu. Amma kar ki ɗauke Laraba. Makon jiya Elia ta kira Charo a waya, ke ba ki nan. Suka yi ta zuba, tana ba ta labarin gashin mahauci, Charo na dariya har tari ya sarƙe ta. Da za su ajiye ta ce mini, 'Regla, kunnen ya buɗe.' Yayata ba ta da bazara da yawa a gaba, Inma. Malamar cikin gari doki za ta koya musu."

Ta share ido da bayan hannu. Ta dubi burusan. Sai kuma ta jefa su a jaka ta ja zif.

"Na riga na yanke."

Wayata ta yi ƙara a aljihun rigar girkina. Pili.

"Ya ake ciki? Ta cinye ki?"

Na rubuta da yatsa ɗaya: "Tana tauna."

"Allah sarki yarinya. Wannan malamin ya gudu kenan. Dama ɗan ƙasar nan mai goge ina zai iya da mu. Ki bar komai a hannuna."

Ban ma gane nufinta ba, don a daidai lokacin wani sauti ya taso daga titi. Goge. Ba irin na Elia ba, na gaske, mai shiga ƙashi. Kuma kiɗan, jama'a, kiɗan waƙarmu ne! Wanda na ƙirƙira ina wanke tukunya!

"Kaka! Mama! Ya zo ramuwa!" Elia ce ke ihu daga falo, da Sifaniyanci kuwa, ku lura.

Na riga Inma isa taga, ni da gwiwar da likita ya ce ta gama aiki. Na ture tukunyar fure na buɗe. Ga shi can ƙasa a gefen titi, cikin yayyafi, dogo kamar abin da aka ce, cikin rigar sanyin nan dai ruwan ƙasa. Wata tsohuwa mai jiran bas ta riƙe masa lema a kan gogen, shi kuwa ruwa na sauka a ƙeyarsa. Mahauci ya fito ƙofar shago dafe da gashinsa. Matar sama ta leƙo da karenta.

"Elia," na ce, "me kika faɗa masa?"

"Da Mama ta tsayar da mu a ƙofa ta je ɗauko rigunanmu jiya, ya biyo mu ya tambaye ni me ya sa muka yi masa haka. Na ce doka ce. Na ce ba shi da izinin fushi, sai dai ya rama."

Ya ɗaga kai. Ya buɗe baki. Wayyo yarena! Ya murƙushe shi, ya taka shi, ya bi ta kansa da mota. Da gani da littafin kalmomi ya kwana. Amma ana ji, kuma bai saki kiɗa ba:

Ni ne dogon nan falwaya,
Mai rigar sanyi guda ɗaya.
Ina da wasu cikin durowa,
Wannan kaɗai ta taɓa yabawa.
Takalmanta na san su sarai,
Yau fuskarta nake nema kawai.
Shinkafa in ta ƙone ba komai,
Na iya girki, ta sauko dai.

Ban san sanda na fara tafi ba. Elia ta rarumo kwalba, Teo ya zaro bututu, muka ba shi amshi daga hawa na uku. Mahauci bai ji ko kalma ba amma ya saki gashi ya tafa, iska ta yi aikinta. Na leƙa na ƙwala masa, "Malam! Baiti na uku ya yi tsawo, amma an karɓa!"

"Na gode, Madam Regla!" Ya sunkuya, ruwa ya zubo daga gashinsa. "Tana nan?"

Na waiga. Inma ta manne da bango a bayan labule, hannu biyu a baki, fuska ta yi ja har wuya.

"Kin taɓa yaba rigar?" na tambaye ta.

"Sau ɗaya," ta ce ta cikin yatsu. "Tun farkon shekara. Cewa kawai na yi kalar ta yi masa kyau."

"Tun farkon shekara yake cikinta? Ki sauka ki cece shi, 'yar nan, kafin ta ruɓe a jikinsa."

"Ba inda za ni! Dubi kaina! Dubi idona! Dukanku mahaukata ne, ke da shi da jikokinki!"

"Mama," in ji Teo, ya cire bututu daga baki, "in ba ki sauka ba sai kin rama da waƙa. Doka ce."

"Kai kuma rufe mini baki, ɗan leƙen asiri!"

Ta yi banɗaki fuuu. Muka ji ruwa na zuba, muka ji durowa, muka ji wani abu ya faɗi ya fashe, turarena ne na san ƙararsa, na yafe. A ƙasa goge ya sake ɗaukowa daga farko, mutumin nan ba shi da niyyar tafiya. Wayata ta sake ƙara. Pili.

"Na turo Anselmo ya lallashe ta. Ya sa kwat ɗin bikin ƙanwarsa, ya ɗauki fure da babban gwangwanin zaitun. Yanzu zai shawo kwanarku. Ki ce ta gyara fuska."

Na leƙa taga. Can ƙarshen layi, ga gashin baki na tahowa a ƙarƙashin baƙar lema, fure a dama, gwangwani a hagu.

Inma ta fito. Ta tufke gashi, ta yar da rigar ruwa, ta yafa baƙin gyalena mai tuntu ba ko aro. Leɓe kuwa jawur.

"Yau Lahadi fa," in ji Elia.

"Sanyi ne," na ce. "Ya fara shiga Lahadi."

Ta ɗauki jakar yaran, ta zuge, ta zazzage a ƙasa: silifas mai kunnen zomo, mai jirgi, burusai biyu. Ta nuna ni da yatsa.

"Laraba zan kawo su. Don Inna Charo, ba don halinki ba. Kuma na rantse, Mama, in na sake jin sunana a waƙa..."

"Ni? Na tuba. Daga yau sai doki da tuffa."

"Zan je in ce masa ya daina tara mana jama'a ne kawai. Ba wani abu ba. Kar wanda ya leƙo taga!"

"Wa zai leƙa? Mu da muke da aikin yi."

Ta kama hannun ƙofa. Na buɗe baki in ce mata, 'yar nan, maza biyu za ki tarar a ƙasa, ɗaya da goge ɗaya da zaitun. Allah ya gani na buɗe. Sai na dubi Elia riƙe da cokali, na dubi Teo da bututu a leɓe, na tuna Laraba na tafe kuma ba mu da sabon baiti.

Na rufe bakina, karo na farko a rayuwata, kamar yadda ta roƙa.

"Me kike wa murmushi?" in ji ta.

"Haƙori ne."

Ta ja tsaki, ta fice, ta maka ƙofar garam, har hoton mijina ya karkace a bango.